Gimbiya Fauziyya ta Misira: Auren Sarauta da Rayuwar da ta Biyo Bayansa

Jawabin da aka gabatar a zauren taro, albarkacin bikin cikar sarautar wannan gida shekara 100

 

 

A duk lokacin da gidan sarauta ya zauna lissafin shekarunsa, sunayen maza ake jerawa: wane ya gaji wane, wane ya yi shekara kaza bisa gado, wane ya gina ganuwa, wane ya haƙa rijiya. Makaɗa sun haddace kirarinsu, marubuta sun adana kwanakinsu. Amma akwai wasu mutanen da suka ɗauki nauyin sarauta a kansu ba tare da an naɗa musu rawani ba, su ne ƴaƴan sarakuna mata da aka riƙa kai wa wasu gidaje domin a kashe gaba, ko a ƙulla amana, ko a ƙara wa gida daraja. In auren ya yi albarka, yabo na sarakunan biyu ne. In ya watse, sai a yi shiru da zancen, sunan matar ma ya ɓace daga bakin mutane.

A kan irin waɗannan mata nake so in yi magana yau. Da gangan na ɗauko misali daga nesa, domin kowace gimbiya ta ƙasarmu kakar wani ce a cikin wannan zaure, kuma ba a so ranar farin ciki ta zama ranar tone-tone. Matar da zan ba da labarinta Musulma ce, ƴar sarki, ƙanwar sarki, matar sarki. Sunanta Fauziyya, ƴar Sarki Fu'ad na Misira.

Gidaje biyu, kowane da buƙatarsa

An haifi Fauziyya ranar 5 ga watan Nuwamba na 1921. Mahaifinta Fu'ad yana riƙe da sarautar Sultan a lokacin, sai a 1922 ya ɗauki laƙabin Sarkin Misira. Gidansu tsohon gida ne, domin kakansu Muhammadu Ali ya karɓi mulkin ƙasar tun 1805. Ta tashi cikin fadoji masu tarin dukiya a Alƙahira da Iskandariyya, ta iya Larabci da Faransanci da Ingilishi. Mahaifinta ya rasu a watan Afrilu na 1936, wanta Faruku ya gaje shi yana ɗan shekara 16.

A can gabas kuma, a ƙasar Iran, akwai wani sarki mai suna Riza Shah. Shi bai gaji sarauta ba. Soja ne da ya taso daga ƙauye, ya yi juyin mulki a 1921, ya kawar da gidan Ƙajar, aka naɗa shi sarki a 1925, ya kafa gidan Pahlawi. Yana da ƙarfi, yana da rundunar yaƙi, abin da ya rasa shi ne asali, kuma asali ba ya sayuwa a kasuwa. Hanya mafi kusa da ya gani ita ce ya nemo wa ɗansa mai jiran gado, Muhammadu Riza, mata daga gidan sarautar da ya fi kowane ƙima a ƙasashen Musulmi na wancan zamani.

Su ma mutanen Alƙahira suna da nasu lissafi. Tun da Turkiyya ta soke halifanci a 1924, fadar Misira take kwaɗayin a ɗauke ta jagorar duniyar Musulmi. Mashawartan Faruku suka ga cewa surukuta da Iran za ta faɗaɗa sunan sarkinsu. Ashe kowane gida da abin da yake nema, kuma a cikin dukkan wannan lissafi ba inda aka rubuta buƙatar yarinyar da za a aurar.

Ɗaurin aure

An sanar da baiko a watan Mayu na 1938. Sai wata matsala ta taso: tsarin mulkin Iran ya ce dole uwar mai jiran gado ta kasance ƴar asalin ƙasar. Majalisar dokoki ta zauna ta yi doka ta musamman, aka mai da Fauziyya ƴar Iran a takarda, alhali ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasar ba. Ita ƴar Sunna ce, mijin kuma ɗan Shi'a, wannan ma manya suka daidaita shi a tsakaninsu.

Ranar 15 ga watan Maris na 1939 aka ɗaura aure a fadar Abidin da ke Alƙahira. Amarya tana da shekara 17, ango yana da 19. Ba su san juna ba kafin manya su gama magana. Aka yi biki irin wanda ake ba da labari, sannan mahaifiyarta Sarauniya Nazli ta raka ta har Tehran, inda aka sake wani bikin a watan Afrilu. Amarya ba ta jin Farisanci, saboda haka da Faransanci take magana da mijinta, wanda ya yi karatu a ƙasar Suwis. Ku duba, jama'a, mata da miji a ɗaki guda, harshen da ya haɗa su ba na uwar kowa ba ne a cikinsu.

Zaman Tehran

A watan Oktoba na 1940 ta haifi ƴa mace, aka sa mata suna Shahnaz. A dokar Iran ta wancan lokaci mace ba ta gadon sarauta, don haka magajin da aka ƙulla auren dominsa bai samu ba tukuna.

Ba a daɗe ba ranar gwada amanar ta zo. A watan Agusta na 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sojojin Ingila da na Tarayyar Sobiyet suka afka wa Iran. Ranar 16 ga watan Satumba aka tilasta wa Riza Shah ya sauka, aka kai shi tsibirin Moris, daga nan Afirka ta Kudu, inda ya rasu a 1944. Me surukan Misira suka iya yi masa? Ba su iya komai ba, domin su ma sojojin Ingila na zaune a ƙasarsu. A watan Fabrairu na 1942 ma tankokin Ingila suka kewaye fadar Abidin, fadar nan da aka ɗaura auren a cikinta, suka tilasta wa Faruku naɗa firaministan da suke so. Gidaje biyu da suka haɗa jini don su jingina da juna, sai ga shi kowane na neman mai tallafa masa.

Ta haka Fauziyya ta zama sarauniyar Iran tun ba ta cika shekara 20 ba. A watan Satumba na 1942 mujallar Life ta Amurka ta buga hotonta a bangonta, duniya ta yi ta zancen kyawunta. Ta kuma shugabanci wata ƙungiya mai kula da mata masu juna biyu da ƙananan yara. Wannan shi ne abin da ake gani daga waje, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Masu tarihi sun ambaci kewar gida da ta dame ta, da rashin jituwa tsakaninta da uwar mijinta da ƴan uwansa mata, da sanyin da ya shiga tsakaninta da mijin, da rashin lafiyar da ta ramar da ita. A watan Mayu na 1945 ta tafi Alƙahira neman lafiya. Ba ta sake komawa zaman aure a Tehran ba.

Rabuwa

A wajen talaka, rabuwar aure magana ce ta mutum biyu da waliyyansu. A wajen sarakuna kuwa magana ce ta ƙasa da ƙasa. Misira ta ɗauki auren a matsayin wanda ya ƙare tun 1945, Iran ta ƙi amincewa, aka yi ta kai da kawo har shekara uku. Sai a watan Nuwamba na 1948 aka sanar da saki a hukumance. Sanarwar ta ɗora laifin a kan yanayin ƙasar Iran, wai bai dace da lafiyar sarauniya ba, aka kuma tabbatar wa duniya cewa zumuncin ƙasashen biyu yana nan daram. A cikin kwanakin nan ne shi ma Faruku ya saki matarsa Sarauniya Farida, wadda ta haifa masa ƴaƴa mata uku ba namiji.

Akwai sharaɗi guda da aka gindaya wa Fauziyya, kuma shi ne mafi nauyi: ƴarta za ta zauna a hannun gidan ubanta. Shahnaz ba ta cika shekara biyar ba lokacin da uwarta ta bar Tehran. Ta girma tsakanin fada da makarantar kwana a Turai. A 1957, tana gab da cika shekara 17, aka aurar da ita ga Ardashir Zahidi, ɗan janar ɗin da ya riƙe muƙamin firaminista bayan juyin mulkin 1953. Wannan aure ma ya mutu a 1964. Zumuncin ƙasashen da aka ce ba abin da zai taɓa shi kuwa, a 1960 Shugaba Jamal Abdul Nasir ya yanke hulɗar jakadanci da Iran.

Rayuwa bayan fada

A nan ne mafi yawan masu ba da labari suke tsayawa, kamar dai ran mace yana ƙarewa ranar da aurenta ya ƙare. Alhali Fauziyya ta zauna a Tehran shekara 6 ne kawai, ta kuma rayu shekara 68 bayan barinta.

Da ta dawo gida an karɓe ta da martabarta ta gimbiya. Ta shiga ayyukan ƙungiyar jinƙai ta Mabarrat Muhammad Ali, mai kula da asibitoci da marasa galihu. Ranar 28 ga watan Maris na 1949 ta auri Kanal Isma'il Shirin, ɗan ƙasarta, mutumin da ta sani kafin ta aure shi. Allah ya ba su ƴa mace da ɗa namiji.

Ranar 23 ga watan Yuli na 1952 matasan hafsoshin soja suka yi juyin mulki. Bayan kwana uku Faruku ya sauka, ya shiga jirgin ruwa daga Iskandariyya ya bar ƙasar. Ranar 18 ga watan Yuni na 1953 aka soke sarauta, aka kafa jamhuriya, aka kuma ƙwace dukiyar gidan Muhammadu Ali. Mulkin shekara 148 ya zo ƙarshe. Da yawa daga cikin dangi suka watse zuwa Turai da Amurka, Faruku kansa ya rasu a birnin Roma a 1965. Fauziyya ta zaɓi ta zauna a ƙasarta, ba laƙabi, ba fada, ba masu faɗuwa gaisuwa. Ta zauna da mijinta shekara 45, har ya rasu a 1994.

Wani abu da ya kamata a lura da shi: tsohon mijinta ya rubuta littattafai a kan rayuwarsa, matansa biyu da suka biyo bayanta kowace ta rubuta nata, ƴar uwarsa da suke tagwaye ma ta rubuta. Fauziyya, wadda ta san sirrin fadoji biyu, ba ta rubuta ba, ba ta kuma bi ƴan jarida tana faɗin aibin gidan da ta baro ba. Ta ɓuya daga idon duniya har ta kai a 2005 aka yaɗa labarin mutuwarta bisa kuskure, ashe ƴar wanta ce mai suna irin nata ta rasu.

Masallacin Rifa'i

Hausawa na cewa kowa ya daɗe ya ga daɗau. Muhammadu Riza ya auri Surayya a 1951, ya sake ta a 1958 saboda rashin haihuwa. Ya auri Farah a 1959, ta haifa masa magaji a 1960. Ga magaji ya samu bayan aure uku, amma gadon da za a gada bai jira shi ba. Ranar 16 ga watan Janairu na 1979 juyin juya hali ya fitar da Shah daga Iran, kuma ƙasar farko da ya sauka ita ce Misira, inda Shugaba Anwar Sadat ya tarbe shi a Aswan. Daga nan ya yi ta yawon neman mafaka, Maroko, Bahamas, Meziko, Amurka, Panama, ga ciwo yana cinsa. A watan Maris na 1980 ya dawo Alƙahira, ya rasu ranar 27 ga watan Yuli na wannan shekara.

An binne shi a masallacin Rifa'i, maƙabartar gidan su Fauziyya. A nan mahaifinta Fu'ad yake kwance, a nan wanta Faruku yake, a nan kuma aka taɓa ajiye gawar Riza Shah kafin a mai da ita Iran a 1950. Surukan da duniya ta raba, ƙasa ta haɗa su ƙarƙashin rufi guda, gidajen sarautarsu biyu duka sun rushe. Ita kuwa yarinyar da aka aika don ta ɗaure gidajen tana nan da ranta, ta ƙara shekara 33 bayan tsohon mijinta. Ta rasu a Iskandariyya ranar 2 ga watan Yuli na 2013, tana da shekara 91, aka kai ta Alƙahira aka binne kusa da mijinta na biyu.

Abin da ya shafe mu

Ranka ya daɗe, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Auren ƙulla zumunci tsakanin gidajen sarauta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma sau da yawa ya kashe wutar da takobi ya kasa kashewa. Ba na kira a bar shi. Ina roƙon a duba abubuwa biyar.

Na farko, kada a ɗora wa yarinya kayan da ya fi ƙarfin rundunar yaƙi. Aure yana buɗe ƙofar zumunci, amma zumunta a ƙafa take. In manya ba su ziyarci juna ba, ba su tsaya wa juna ranar wuya ba, ba abin da amarya za ta iya ɗaurewa ita kaɗai a cikin ɗaki.

Na biyu, a tambaye ta. Malamanmu suna zaune, sun fi ni sanin cewa sunna ta zo da neman izinin budurwa. Ko a mazhabarmu ta Malikiyya, inda aka ba uba ikon aurar da ƴarsa budurwa, an so ya shawarce ta, an kuma hana shi kai ta inda za ta cutu. Auren da aka yi wa Fauziyya da majalisa da doka da jakadu bai kai shekara 10 ba ko a takarda. Wanda ta shiga da saninta ya kai shekara 45. Sarakunan gargajiya na Nijar sun daɗe suna yi wa talakawa gargaɗi a kan auren wuri da cire ƴan mata daga makaranta. Gargaɗin zai fi shiga kunne in aka ga an fara aiki da shi daga cikin gidan sarki.

Na uku, ƙofar gidan uba ta zauna a buɗe. Abin da ya ceci Fauziyya shi ne ta samu inda za ta koma ba a kore ta ba. Mu ma al'adarmu ta san darajar ƴar sarki a gidan ubanta, ko tana da miji ko ba ta da shi. Sarautar Iya a Maradi da ta Inna a Gobir shaida ce: gimbiya ce ta gida ake naɗawa, ta shugabanci mata, a ji maganarta a fada, kuma darajarta daga jininta take. Gidan da ya san wannan bai kamata ya ɗauki zawarcin ƴarsa abin kunya ba, balle ya tilasta mata komawa inda take ƙuna don gudun bakin mutane.

Na huɗu, kada a mai da ƴaƴa abin jingina. A fiƙihun Malikiyya renon ƴa mace yana hannun uwa har ta tare a gidan miji, in kuwa uwar ta yi wani aure sai a fara duba dangin uwa, kamar kaka. Mun san al'ada takan bi wata hanya, musamman in uban mai iko ne. To, mai iko shi ya fi cancanta ya sauƙaƙa, domin ba mai iya tilasta masa sai tsoron Allah.

Na biyar, ga iyayenmu mata da ƴaƴanmu: mutunci ba ya tafiya tare da laƙabi. An karɓe wa wannan mata sarautar Iran, an karɓe mata ta Misira, an karɓe dukiya, amma ba wanda ya iya karɓe mata kamun kai da riƙon sirri. Shi ya sa har yau mutanen ƙasashen biyu suke ambatonta da girmamawa.

Daga ƙarshe ina da roƙo guda ga majalisar fada da masu adana tarihin wannan gida. Tsofaffin da suka san sunayen iyayen sarakunanmu mata, da garuruwan da aka ɗauko su, da inda aka kai ƴaƴan gidan nan aure, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A zauna da su tun suna raye, a rubuta. A sa sunan uwa kusa da sunan kowane sarki a cikin jerin sarauta, a sa har da waɗanda aurensu bai ɗore ba, domin su ma sun biya nasu kason na zaman lafiyar da muke ci yau.

Allah ya jiƙan magabatanmu maza da mata, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da adalci da nisan kwana, ya albarkaci zuriyar wannan gida, ya ba ƙasarmu Nijar damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.